Yadda Ake Kai Rahoton Laifin Ƙiyayya a Ingila da Wales, Daga Kiran Farko Har Zuwa Hukuncin Kotu

Tun da 'yan'uwanmu masu zuwa Birtaniya karatu da aikin jinya da kula da tsofaffi suka yawaita, tambaya ɗaya ke ta dawowa ta bakin mutane daban-daban: idan aka zagi mutum a kan titi saboda launin fatarsa, ko aka fizge wa mace hijabi a cikin bas, ko aka wayi gari an yi rubutun ɓatanci a bangon masallaci ko coci, ina ake dosa, me ake faɗa, kuma nawa ake kashewa? Abin da ke biye matakan ne ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke a Ingila da Wales. Scotland tana da tata dokar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, Ireland ta Arewa ma da nata tsarin, saboda haka mazauna can lambobin waya na gaggawa kaɗai za su ɗauka daga nan.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko, domin duk sauran matakan a kansa suka ginu. Ma'auni biyu ake amfani da su. Wajen rubuta rahoto, abin da ake bukata kawai shi ne wanda abin ya shafa, ko wani da ya gani, ya ce a ganinsa ƙiyayya ce ta jawo laifin, 'yan sanda ba za su nemi hujja kafin su rubuta shi a haka ba. Wajen kotu kuwa sai an tabbatar da ƙiyayyar da hujja. Abubuwa biyar ake lissafawa: launin fata ko ƙabila ko ƙasar asali, addini, naƙasa, jinsin da mutum ke sha'awa, da sauya jinsi. Aikin mai ƙorafi shi ne ya ga cewa maganar ƙiyayyar ba ta salwanta a hanya ba tsakanin ma'auni na farko da na biyu.

Mataki na 1: Lafiyarka tukuna

Idan abin yana faruwa a lokacin, ko an ji wa wani rauni, ko wanda ya aikata yana nan kusa, lambar 999 za ka kira. Kyauta ce, kuma tana shiga ko babu kuɗi a wayar. Idan magana za ta jefa ka cikin haɗari, ka kira ta wayar salula, ka saurari mai amsawa, ka yi tari ko ka ƙwanƙwasa wayar, sannan ka danna 55 in an umarce ka, za a haɗa ka da 'yan sanda. Danna 55 ba ya nuna musu ainihin inda kake, don haka da ka sami sarari ka faɗi sunan titi ko wata alama, ko da a raɗa ne.

Idan haɗarin ya wuce, lambar ita ce 101, ita ma kyauta. Mutane da yawa kan rikita ta da 111, wadda ta hukumar lafiya ce. A jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa da tashoshinsu, 'yan sandan sufuri ne ke da hurumi, kuma ana iya aika musu saƙon tes a 61016 ba tare da na kusa da kai ya sani ba. Bas ba ta cikin huruminsu, ta 'yan sandan yankin ce.

In an taɓa jikinka, ka je asibiti ko da kana ganin raunin bai kai ya kawo ba. Duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne ga kowa. Ka gaya wa likita ko nas cewa duka ne ko hari, kada kunya ta sa ka ce faɗuwa ka yi, domin abin da suka rubuta shi ne za a nema daga baya.

Gargaɗi: kare kai daidai gwargwado doka ta yarda da shi, amma bin mutum bayan ya juya baya, ko rama zagi da zagin launinsa ko addininsa, zai iya sa kai ma a tuhume ka da irin laifin da ka zo kai ƙara a kansa.

Mataki na 2: Rubuta kalmomin da aka faɗa, yadda aka faɗe su

A nan ne ƙorafe-ƙorafe da yawa ke samun ƙarfinsu ko su rasa shi. Dokar laifuka ta 1998 ta ba masu gabatar da ƙara hanya biyu ta tabbatar da ƙiyayya. Ta farko ita ce a nuna cewa ƙiyayyar ce ta tunzura mai laifin, wanda abu ne mai wuya tun da ba a ganin zuciya. Ta biyu ita ce a nuna cewa ya bayyana ƙiyayyar a lokacin aikata laifin, ko dab da aikatawa, ko nan take bayansa. Yawancin shari'o'in da ake nasara ta hanya ta biyu suke bi, kuma kusan kullum kalmomin bakinsa ne hujjar.

Saboda haka da zarar ka sami natsuwa, kafin ka kwanta barci, ka rubuta abin da ya faɗa da Turancin da ya faɗa, ba fassara, ba gyara. Tarbiyyarmu ba ta son maimaita ashar, kuma sau da yawa mutum yakan ce wa ɗan sanda kawai "ya zage ni" ko "ya faɗi maganganu marasa daɗi", yana ganin hakan ya wadatar, alhali ba a iya gabatar da irin wannan a gaban alƙali. A ce wata ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi ta tashi daga aikin dare, tana jiran bas da ƙarfe bakwai da kwata na safe, wani mutum ya matso ya tofa mata yawu a kafaɗa. Idan ta ce ya tofa mata yawu ya yi ta surutai, laifin hari ne kawai za a gani. Idan kuwa ta ce ya nuna hijabinta da yatsa, ya kira ta 'yar ta'adda sau biyu, ya ce ta koma ƙasarsu, sannan ya tofa yawun, kuma ta kawo kalmomin daidai da jerin faruwarsu, to ta miƙa wa mai gabatar da ƙara abin da zai kafa tuhuma mai nauyi a kansa. Wanda bakinsa ba zai iya furta kalmomin ba ya rubuta su a takarda ya miƙa.

Kada ka cire kanka daga lissafi don wasu dalilai da doka ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Ko mai laifin kuskure ya yi game da kai, kamar Kirista da ya sa kaftani da hula aka zage shi a matsayin Musulmi, laifin yana nan daram, domin abin da ya zata shi ake dubawa. Ko rigimar wajen ajiye mota ce ta fara haɗa ku, daga baya zagin launin fata ya shigo, kasancewar akwai wani dalili na daban ba ya goge ƙiyayyar. Ba kuma lalle sai an ambaci launi ba, domin a 2007 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke cewa zagin mutane da cewa su baƙi ne 'yan wata ƙasa ya isa ya zama ƙiyayyar asali.

Tare da kalmomin, ka rubuta rana da lokaci da wuri, da kamannin mutumin (tsawo, shekaru a ƙiyasce, tufafi, zane a jiki, karin harshe), da inda ya nufa. Ka aika wa kanka wannan bayani ta imel ko saƙon waya domin kwanan wata da lokaci su hau kansa.

Mataki na 3: Tattara hujja kafin ta ɓace

Ka ɗauki hoton rauni a ranar, ka sake ɗauka bayan kwana biyu ko uku, da hasken rana. Taruwar jini ba ta cika fitowa sosai a baƙar fata ba, don haka ka roƙi likita ya rubuta kumburi da wurin da ke ciwo in an taɓa. Rigar da aka tofa wa yawu ko aka yaga kada a wanke ta, a saka ta cikin jakar takarda, ban da leda, domin danshi yana lalata ƙwayoyin halittar da ake gano mutum da su. Wasiƙar barazana da ambulan ɗinta a rage taɓa su. Rubutun bango a ɗauki hotonsa daga nesa da kuma kusa kafin a goge, domin ƙananan hukumomi kan yi gaggawar share rubutun ɓatanci, masu unguwa ma haka.

Kyamarorin tsaro su ne abin da ya fi saurin kuɓucewa. Da yawa suna goge abin da suka naɗa cikin 'yan makonni, na wasu motocin haya ma cikin 'yan kwanaki, kuma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ka lura da kowane kanti ko gida ko banki da kyamararsa ke kallon wurin, ka faɗa wa 'yan sanda tun a kiran farko. In a bas ne, ka riƙe lambar hanyarta da inda ta dosa da lokacin da ka shiga. Tarihin katin da ka biya kuɗin mota da shi zai nuna lokacin daidai. Duk wanda ya tsaya ya jajanta maka, ka nemi sunansa da lambar wayarsa nan take, domin in ya tafi da wuya a sake ganinsa.

Idan a intanet ne, ka ɗauki hoton allon wayar yadda zai nuna sunan shafin mutumin da kwanan wata, ka kwafi adireshin saƙon, sannan ka kai ƙara wurin kamfanin ko ka toshe shi. Wanda ya fara toshewa sau da yawa yakan rasa hanyar komawa ga saƙon.

Gargaɗi: kada ka ɗora bidiyon abin da ya faru a Facebook ko TikTok ko zaurukan WhatsApp kafin ka tuntuɓi jami'in da ke riƙe da binciken. Lauyan wanda ake tuhuma zai iya cewa shaidu a bidiyon suka ga fuskarsa, ba a wurin ba, kuma bayan an kama mutum, yaɗa abin da zai iya karkata shari'a yana iya zama raina kotu.

Mataki na 4: Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ƙofofin da yawa ne, kuma babu wadda ake biyan ko kwabo. Za ka iya kiran 101, ko ka cike fom a shafin rundunar yankinka, ko ka je ofishin 'yan sanda da ƙafarka, ko ka yi amfani da True Vision, shafin da 'yan sanda suka keɓe don laifukan ƙiyayya, wanda ke tura rahoton zuwa rundunar da ta dace. A nawa ganin rubutawa ta fi kira ga wanda Turancinsa ke sarƙewa in ransa ya ɓaci, domin zai zauna ya kwafo abin da ya tanada a mataki na biyu ba tare da wani ya taƙaita masa ba.

Wanda ba ya son tunkarar 'yan sanda kai tsaye yana iya bi ta ƙungiyoyi masu karɓar rahoto su miƙa a madadinsa in ya amince: Tell MAMA ga abin da ya shafi ƙin jinin Musulmi, CST ga Yahudawa, Galop ga masu neman jinsi da masu sauya jinsi, Stop Hate UK kuwa ga kowane iri a yankunan da take aiki. Akwai kuma Crimestoppers a 0800 555 111, inda ba a tambayar suna. Ɓoye suna yana da amfaninsa, tun da bayanin zai taimaka wajen gane inda abin ke yawaita, sai dai ba a cika gurfanar da mutum ba alhali babu mai tsayawa shaida. Ba kuma sai wanda aka cuta ne kaɗai ke da ikon kai rahoto ba: fasinjan da ya gani, ko limami, ko abokin aiki, kowa na iya yi.

A kula da abu uku a wannan gaɓa. Na farko, sanar da manaja a wurin aiki, ko hukumar jami'a, ko mai gidan haya, ba kai rahoto ga 'yan sanda ba ne, a yi duka biyun. Na biyu, wasu ƙananan laifuka da kotun majistare kaɗai ke saurara suna da wa'adin wata shida daga ranar da aka aikata su, don haka jinkiri na iya rufe ƙofar tuhuma. Na uku, mai biza mai inganci ba abin da kai rahoto zai taɓa masa a zamansa ko aikinsa, amma wanda takardunsa suka sami matsala ya fara neman shawarar lauyan shige da fice ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan, domin 'yan sanda na iya musayar bayani da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

Mataki na 5: Tabbatar an sa alamar ƙiyayya

Kada ka jira a tambaye ka. Ka faɗa da bakinka cewa kana ganin wannan "hate crime" ne, ka kuma faɗi dalilin: launin fata, ko addini, ko duka biyun, tun da alamar ƙiyayya da 'yan sanda ke sa wa rahoto tana iya wuce ɗaya a rahoto guda. Jami'in yana iya tambayar abin da ya sa kake ganin haka, amma ba huruminsa ba ne ya ƙi rubutawa don shi bai gamsu ba. Wannan alama ce ke sa a ba lamarin kulawa ta musamman, ita ce kuma ke bin fayil ɗin zuwa teburin masu gabatar da ƙara.

Kafin ku rabu, ka karɓi lambar rahoton laifin, da sunan jami'in da lambar da ke kafaɗarsa. Ana bayar da lambar kira tun a waya, amma lambar laifi daban take, kuma ita ce kamfanin inshora da hukumar diyya da ƙaramar hukuma za su tambaya. Haƙƙinka ne a ba ka rubutacciyar shaidar cewa ka kai rahoto. Bayan kwana biyu ko uku ka kira ka tambaya ƙarara ko an sa alamar, domin a tsakanin mai amsa waya da jami'in bincike ake yawan mance ta.

Ba kowace magana mai zafi ce laifi a doka ba. Abin da bai kai laifi ba a da ana rubuta shi a matsayin abin ƙiyayya da ba laifi ba, amma an tsaurara ƙa'idar yin haka a 2023, kuma a Oktoban 2025 rundunar 'yan sandan Landan ta sanar da cewa ta daina binciken irinsu. Duk da haka ba kai ne za ka yanke wa kanka ko abin laifi ne ba, ka kai, su tantance. Idan maƙwabci ne ke ta maimaita cin fuska, ka buɗe littafi kana rubuta kowane karo da ranarsa, ka riƙa sanar da ƙaramar hukuma ko kamfanin gidajen, domin maimaici kansa na iya zama laifin tsangwama. Wanda ya kai ƙorafi sau uku cikin wata shida ba a yi wani abin kirki ba yana da damar neman hukumomin yankin su zauna su sake duba lamarinsa.

Mataki na 6: Bayar da cikakken jawabi

Za a gayyace ka, ko a zo gida, a ɗauki jawabin da za ka sa wa hannu. Kana da haƙƙin tafinta kyauta. Ka nemi mai Hausa tun da wuri domin a sami lokacin nemo shi, kuma kada ka yarda ɗanka ko matarka ko abokinka su yi maka tafinta, tun da za su sassauta kalmomin da bai kamata a sassauta ba, wataƙila ma su kansu shaidu ne.

Ka karanta jawabin layi-layi kafin sa hannu, ka duba ko kalmomin zagin sun fito yadda aka faɗe su. Inda ba ka da tabbas ka ce ba ka da tabbas. Ƙarin gishiri ɗaya da kyamara ta ƙaryata ya isa ya rusa sauran gaskiyar da ka faɗa, ban da cewa sa hannu a kan abin da ka san ƙarya ne laifi ne.

Akwai jawabi na biyu, wanda ba dole ba ne, inda kake bayyana yadda abin ya shafi rayuwarka: ka daina fita sallar asuba, ko ka sauya hanyar zuwa aiki, ko yara sun ƙi zuwa makaranta, ko matarka ta fara tunanin ajiye hijabi. Alƙali yana la'akari da shi wajen yanke hukunci. Ka sani cewa ɓangaren wanda ake tuhuma zai gan shi, ana iya karanta shi a bainar kotu, kuma in ka sa hannu ba a janye shi ko a sauya shi, sai dai ka ƙara wani daga baya.

Mataki na 7: Bibiya

Kundin haƙƙoƙin waɗanda aka cuta ya sa masu ƙorafin laifin ƙiyayya cikin rukunin da ake ba kulawa ta musamman. Idan aka kama wanda ake zargi, ko aka sake shi, ko aka ba da belinsa, ya kamata a sanar da kai cikin kwana ɗaya na aiki maimakon biyar da ake ba sauran. Ba kullum ake cika wannan ba, saboda haka ka riƙa tuntuɓar jami'in a rubuce, kana ambaton lambar laifin, kana ajiye amsoshin. Ƙungiyar Victim Support tana bayar da taimako kyauta dare da rana a 08 08 16 89 111, ko ka kai rahoto ko ba ka kai ba.

Gargaɗi: shari'ar ta hukuma ce, kai shaida ne a cikinta, don haka ba ka da ikon cewa a kashe maganar. Za ka iya rubuta cewa ka janye goyon baya, amma masu gabatar da ƙara ne ke yanke ko za a ci gaba. Idan dangin wanda ake zargi suka aiko a ba ka haƙuri ko a ba ka kuɗi don ka janye, ko da ta hannun dattawan da kake jin nauyinsu ne, kada ka karɓa, ka sanar da jami'in, domin hakan na iya zama yunƙurin karkatar da shari'a, tsoratar da shaida kuma laifi ne mai zaman kansa. Mai son sulhu yana da halastacciyar hanya ta zaman sasantawa da hukuma ke shiryawa, sai ya tambayi jami'in.

Mataki na 8: Shawarar gurfanarwa

A laifin ƙiyayya, hukumar gabatar da ƙara ta CPS ce ke yanke shawarar tuhuma, ba 'yan sanda ba. Tambaya biyu take yi: ko hujjar ta kai a yi tsammanin samun mutumin da laifi, da kuma ko gurfanarwar maslahar jama'a ce. Ta biyun ba ta cika zama cikas a irin waɗannan laifuka ba, ta farkon ce ke kayar da ƙararraki.

Idan 'yan sanda ko CPS suka ce ba za a tuhumi wanda aka gano ba, kana da damar neman wani jami'i daban ya sake duba shawarar, kyauta, cikin wata uku, kuma gara a nema tun a makon farko ko na biyu. Wannan dama ba ta shafi inda aka ci gaba da shari'a amma aka cire ɓangaren ƙiyayyar daga tuhumar ba. A nan abin da ke gare ka shi ne wasiƙar bayani da tayin ganawa da mai gabatar da ƙara, kuma ya kamata ka karɓi tayin ka ji dalili. In kuma yadda 'yan sanda suka bi da kai ne matsalar, kamar ƙin sa alama ko barin hotunan kyamara su goge, ka kai ƙorafi ga rundunar ko ta hannun hukumar IOPC mai sa ido a kansu, kafin shekara ta zagayo.

Mataki na 9: Kotu da hukunci

Ba ka bukatar ɗaukar lauya. Idan wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, ba sai ka ba da shaida ba. In ya musa, za a kira ka, kuma za ka iya neman a kai ka ka ga ɗakin shari'ar tun kafin ranar, a ba ka wurin jira daban da nasa, a kuma roƙi kotu ta yarda ka yi magana a bayan labule ko ta bidiyo. Rantsuwa da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki ko alƙawarin faɗin gaskiya ba tare da littafi ba duk zaɓinka ne. Ana mayar da kuɗin mota da wani ɓangare na albashin da ka rasa, sai ka ajiye rasit.

A nan ne amfanin alamar ke fitowa fili. Ƙaramin hari iyakar hukuncinsa ɗaurin wata shida ne, amma in an tabbatar da ƙiyayyar launi ko addini sai ya koma shekara biyu. Hari mai rauni yana tashi daga shekara biyar zuwa bakwai, ɓarnar dukiya daga goma zuwa goma sha huɗu. Waɗannan iyakoki ne, hukuncin da aka fi yankewa bai kai nan ba. A sauran laifuka, da kuma dukkan rukunan nan biyar, sashe na 66 na dokar yanke hukunci ta 2020 ya wajabta wa alƙali ya ƙara nauyin hukunci in an tabbatar da ƙiyayya, ya kuma faɗa a bainar kotu cewa ya yi hakan. Idan kana tsoron mutumin zai dawo, ka gaya wa jami'in tun kafin ranar hukunci domin a nemi odar hana shi kusantarka.

Mataki na 10: Diyya

Kotu na iya umartar mai laifin ya biya ka asarar da ka yi, don haka ka miƙa rasit na gyaran gilashi ko tabarau ko waya da wuri. Ana duba ƙarfin aljihunsa, kuma sau da yawa kaɗan-kaɗan kuɗin ke zuwa.

Wanda aka ji wa rauni yana iya neman diyyar gwamnati daga hukumar CICA, wadda ke biya daga fam 1,000 zuwa fam 500,000 gwargwadon raunin. Ana nema cikin shekara biyu, ba sai an sami wani da laifi ba, amma dole ka kai rahoto da wuri kuma ka ba 'yan sanda haɗin kai. Akwai sharaɗin zama a ƙasar ko na ƙasar da mutum ya fito, ba a biyan asarar dukiya, matsalar lafiyar hankali kuma sai da shaidar ƙwararren likitan fannin. Cike fom ɗin kyauta ne, abin da za a iya nema daga gare ka bai wuce fam 50 na takardar likita ba, saboda haka ba dalilin ba wani kamfani kaso daga kuɗinka don ya cike maka.

Mataki na 11: Inda rahoton yake ƙarewa

Ko an rufe fayil ba a kama kowa ba, rahoton ya shiga lissafi. Rundunoni 43 na yankuna da 'yan sandan sufuri suna aika alƙalumansu ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ke wallafa su kowace shekara. A shekarar da ta ƙare a Maris 2024 an rubuta laifukan ƙiyayya 140,561, kusan kashi 70 cikin 100 na launin fata ne ko asali, 10,484 kuma na addini, waɗanda suka ƙaru da kashi 25 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. A laifukan addini ana rubuta addinin da mai laifin ya zata wanda ya cuta yana bi, shi ya sa ya dace ka duba cewa an cike wannan gurbin daidai. Binciken da hukumar ƙididdiga ke yi gida-gida ya nuna cewa kusan rabin irin waɗannan laifuka ba sa kaiwa kunnen 'yan sanda. Daga cikin alƙaluman ne Birtaniya ke aika bayani ga ODIHR, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai mai ƙasashe 57, wanda ke fitar da nasa rahoton kowane 16 ga Nuwamba.

Ga kwamitocin masallatai da coci-coci akwai amfani na kusa. Gwamnati tana da shirin ba wuraren ibada kayan tsaro irin su kyamarori da shinge da ƙararrawa, kuma fom ɗin neman yana tambayar abin da ke nuna cewa wurin na cikin haɗari. Kwamiti ya ware mutum ɗaya ya riƙe rajista, yana rubuta ranar kowane abu da ya faru, da hotonsa, da lambar laifin da 'yan sanda suka bayar, har da abin da ya sami masu ibada a kan hanyarsu ta zuwa ko komawa, domin waɗannan lambobin ne za a haɗa da takardar neman.